Man Kolmani: dillali na son gonar Babanmu, mu sayar ko mu riƙe?

Ɗan Gwana ya rubuta:

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda ya san abin ya amsa min tsakani da Allah ba zancen jam'iyya ba.

Mu 'yan ƙasar Alkaleri ne ta jihar Bauchi, ƙauyenmu ba wani nisa da Barambu inda aka tona rijiyar man Kolmani. Ni ina koyarwa a cikin garin Bauchi amma Baba da ƙannena duk suna gida suna noma. To tunda Buhari yazo ya ƙaddamar da aikin nan a watan Nuwamba 2022 muka fara ganin baƙin fuska da motoci suna tambayar gonaki, aka ɗan yi shiru, sai kwanan nan wani dillali ya dawo wa Baba da maganar gonarmu ta bakin hanya wadda muka gada tun kakanmu, akwai ɗorawa bakwai da kuka biyu a ciki kuma ita ke ciyar da gidan, masara da riɗi da wake duk daga nan suke fitowa. Kuɗin da ya ambata wallahi Baba bai taɓa riƙe irinsu ba. Yace masa gara ya karɓa tun yanzu don in gwamnati tazo ƙwacewa za tai ba ko sisi, kuma wai in mai ya fara fita ƙasar ma ta daina yin hatsi kenan. Baba ya kira ni jiya da dare hankalinsa ya rabu biyu, nima na kasa bacci.

Gaskiya ne gwamnati na iya karɓe gonar haka kawai? Sannan wannan kaso 13 cikin 100 na kuɗin mai da ake ba jihar da ake haƙo shi, da ake ta ja-in-ja a kai tsakanin Bauchi da Gombe, mu na ƙauye me zai iso mana a ciki? Kuma abinda yafi damuna ruwan shanmu, rijiya ɗaya da rafi muke da su.

Bagomben Akko ya rubuta:

Wa'alaikumussalam Malam. Kafin komai kada Baba ya sa hannu a wata takarda, dillali ba ya zuwa daga birni da kuɗi a hannu don yana tausayinku, ya hango wani abu ne.

Amma bari in gyara wani abu da kullum ake faɗa yana min ciwo, da an ce Kolmani sai ace man Bauchi. Filayen da aka ba da lasisi guda biyu ne, 809 da 810, kuma sun ratsa jihohin biyu, ɓangarenmu na masarautar Pindiga a ƙaramar hukumar Akko yana ciki dumu-dumu, ranar ƙaddamarwa ma ai gwamnonin biyu duk suna wurin, Bala Mohammed Kauran Bauchi da Inuwa Yahaya na Gombe. Mu da ku jiha ɗaya muke har 1996 da Abacha ya cire Gombe, lokacin ba wanda ya damu da ina iyaka ta bi a cikin wannan dajin don ba komai sai gonaki da shanu, yanzu da aka ji ƙamshin mai kowa ya tuna da iyakar kakansa. Ni ba faɗa nake nema ba, kawuna ma a Alkaleri yake aure, amma in za a ɗauki yara aiki ko a yi hanya ko asibiti a tuna akwai mutane ta wannan gefen ma.

Tsohon Direban Tanka ya rubuta:

Yarona Ɗan Gwana, ni ban yi boko mai zurfi ba amma na shekara goma sha huɗu ina ɗaukar mai daga Fatakwal zuwa arewa, mun yi zaman jiran lodi a Eleme inda matatar take wani lokaci sati biyu sati uku, saboda haka abinda zan gaya maka ido ne ya gani ba labari ba.

A yankin nan na Ogoni akwai unguwannin da in aka ja ruwa a rijiya kafin guga ta iso hannunka warin kananzir ya riga ta zuwa, ka zuba a bokiti ka ga wani maiƙo yana yawo a sama kala-kala. Mu direbobi ruwan leda muke saye, to talakan wurin fa da yaransa? Da shi suke wanka da shi suke girki. Na ga gonar rogo da mai ya malala a ciki ta koma baƙa ƙirin, shekara da shekaru in ka wuce tana nan yadda take ko ciyawa babu. Wutar gas ɗin nan da suke ƙonawa kuwa dare da rana take ci, da daddare gari ja jawur kamar gobara, ga ƙara kamar jirgi zai tashi, kwanon rufi baya daɗewa yake tsatsa ya ɓule. Daga wajen 2016 kuma sai ga baƙar ƙura ta rufe Fatakwal ɗin kanta, ka shanya farar riga ka dawo ka tarar da ita kamar an goge tukunya da ita, ka fyace majina baƙa. Tarin da na kwaso a can har yau in sanyi ya shigo sai ya motsa min.

Kuma su ma fa da murna suka fara. Oloibiri aka fara samun mai a ƙasar nan a 1956, je ka tambaya yadda garin yake yanzu, rijiyar ta ƙafe kamfani ya kwashe kayansa ya tafi. Ni bance kar a haƙo na Kolmani ba, Allah ya sa alheri ne gare mu, amma su can suna da ruwan sama kusan duk shekara da koguna ko ta ina kuma duk da haka suka rasa na sha, ku da kuke da rijiya ɗaya da rafin da ke janyewa da rani in abu ya taɓa shi ina za ku? Ka gaya wa Babanka inji ni ya riƙe gonarsa, kuɗin dillali ba ya kai damina biyu, na ga masu irin wannan da yawa sun sayi babur sun ƙara aure sun dawo suna ƙwadago a gonar da take tasu.

Malamin Doka ya rubuta:

Salam. Baba direba Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi abinda takarda ba za ta iya faɗa ba. Ɗan Gwana bari in bi tambayoyinka, ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Maganar dillali rabinta gaskiya ce, kuma da rabin gaskiyar nan ake cutar mutane. Eh, a dokar ƙasa ta 1978 duk filin jiha yana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma yana iya soke mallakar mutum in aikin jama'a ya taso, aikin mai da shimfiɗa bututu suna ciki. Man da ke ƙarƙashin ƙasa kuma ba na Baba bane ba na Bauchi ba ba na Gombe ba, tsarin mulkin 1999 sashe na 44 ya ce na gwamnatin tarayya ne. Amma cewa ba ko sisi ƙarya ne, ana biyan diyya, sai dai ba ƙasar kanta ake biya ba, abinda ke kanta ake ƙirgawa, amfanin gona da itatuwa masu amfani da gini da rijiya. Kaga ɗorawar nan bakwai da kuka biyu kuɗi ne ranar ƙidaya. To wa zai karɓa ranar? Wanda sunansa ke kan gonar. Shi yasa dillalin ke sauri, ko dai yana jiran diyya ko yana so ya ba 'yan kwangila haya su ajiye motoci da kaya tunda kace bakin hanya ce, ko a kafa gidan mai. Duk abinda zai yi da ita ku ma kuna iya yi ba tare da kun rabu da ita ba, in an matsa ku bada haya ta shekaru ƙididdigaggu a rubuce da shaidu da sharaɗin a mayar muku da ita yadda aka same ta.

Wani abu kuma, kace gado ce tun kakanku. An raba? In ba a raba ba to gwaggonninka da baffanninka duk suna da haƙƙi a ciki a shari'a, Baba shi kaɗai bai isa ya sayar ba, in ya yi kuwa rigimar da za ta biyo baya a cikin gida tafi ta mai. Abinda ya kamata kuyi a wannan watan, ku samu mai unguwa da dagaci da maƙwabtan gona ta kowace kusurwa a zagaya iyaka a rubuta, a ɗauki hotuna da waya har itatuwan ɗaya bayan ɗaya, sannan ku nemi takardar mallaka ta gargajiya a ƙaramar hukuma, ita doka ta ba ikon bada ita a filin karkara.

Sai kaso 13. Wannan sashe na 162 ne na tsarin mulki, kuma asusun gwamnatin jiha yake shiga, ba na ƙaramar hukuma ba balle ƙauye, sannan sai an fara haƙowa ana sayarwa kuɗi na shiga asusun tarayya ake lissafa shi. An gano mai daban, ana sayar da mai daban. Ka tuna kamfanin Shell ya tona rijiyar Kolmani ta farko tun 1999 ya samu iskar gas ya ga ba za ta biya shi ba ya tafi, sai 2019 NNPC zamanin shugabanta marigayi Maikanti Baru ta koma ta fara tona ta biyu, a watan Oktoba na shekarar aka sanar an samu. A bikin 2022 an ce akwai ganga sama da biliyan 1 da jarin dala biliyan 3, za a gina matata mai tace ganga 120,000 a rana da tashar lantarki megawat 300 da kamfanin taki tan 2,500 a rana. Kai da ke zuwa gida ka fi ni sanin ko ka ga tubalin matata. Kuma mu faɗi gaskiya, bikin nan wata uku kafin zaɓen Fabrairu 2023 aka yi shi, duk wanda ya san siyasar ƙasar nan ya san lokacin ba haka kawai ya faɗo ba. Wannan baya nufin babu man, yana nufin dai kada wanda ya sayar da abincinsa saboda alkawarin da aka yi a kan mumbari.

Naku na kai tsaye yana cikin dokar man fetur ta 2021. Ta wajabta wa kamfanin da ke aiki ya kafa gidauniyar al'ummar da ke masaukinsa ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin da ya kashe wajen gudanar da aiki a shekarar da ta wuce, kashi 75 na kuɗin ayyuka ne, 20 ajiya, 5 gudanarwa. Mutanen Neja Delta sun yi ta kukan ya yi kaɗan kuma suna da hujja, amma dai shi ne wanda sunan ƙauyenku zai iya shiga ciki. Kamfani ne ke zayyana su waye al'ummar da kuma naɗa 'yan kwamitin amintattu bayan tuntuɓa, to nan ne siyasa ke shigowa, in kuka yi barci sai ku farka ku tarar wakilinku wani ne da rabonsa da ƙauyen tun yana firamare. Kuma ku sani dokar ta ce in aka fasa bututu ko aka lalata kaya a yankinku daga kuɗinku za a cire na gyara.

Ɗan'uwana na Akko, maganarka daidai ce filayen sun ratsa jihohin biyu, kuma mai a ƙarƙashin ƙasa bai san iyaka ba, kamar rijiya biyu ne masu ido ɗaya. Hukumar kan iyakoki ta ƙasa da ofishin babban safiyo su ke auna inda kowace rijiya ta faɗa, hukumar rabon arziki ta lissafa kason kowa. Abinda nake tsoro mu biye wa masu zuga. A 2012 da Jonathan ya je ya buɗe aikin mai a Anambra ya ce ta shiga sahun masu mai, mutanen Ibaji na Kogi suka ce ƙasarsu ce, aka yi ta rikici da mutanen Aguleri na Anambra har da asarar rayuka, kuma manoma da masunta ne suka mutu ba kwamishinoni ba. A shekarar ce kuma kotun ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyi 76 Kuros Riba ta tashi a tutar babu. Gwamnoni suna da lauyoyin da za su yi musu wannan shari'ar a Abuja, ba sa buƙatar jinin ɗan Pindiga ko ɗan Gwana.

'Yar Duguri ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a karkara kuma 'yar yankin ce, naji daɗi Yaya Ɗan Gwana da ka sako maganar ruwa don maza in an zauna diyya da kwangila kawai ake zance, mu ne muke tashi da asuba mu je rijiya, mu ne muke kwana da yaro in yana gudawa.

Abinda nake roƙo ayi tun yanzu da ba abinda ya lalace, a ɗebi ruwan rijiyarku da na rafi da ƙasar gona a kai gwaji, ga jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan a Bauchi ga ta tarayya a Kashere kusa da mutanen Akko, a karɓo sakamako a rubuce da kwanan wata a ajiye kwafi wajen dagaci da wajen liman, a maimaita rani da damina. Dalili kuwa ranar da ruwa ya canja za a ce muku dama can haka yake, in ba ku da takardar gwajin farko ba ku da bakin magana. A Ogoni sai 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto, a wani gari Ogale aka samu sinadarin benzene mai jawo cutar kansa a ruwan sha ya ninka abinda hukumar lafiya ta duniya ta yarda da shi sau 900, suka ce gyaran wurin zai ci shekara 25 zuwa 30. Mutane sun shekara nawa suna sha kafin a auna? Kuma doka tun 1992 ta ce babban aiki irin wannan sai an yi nazarin illarsa ga muhalli an baje rahoton jama'a su gani su yi magana, ku masu karatu ku nemo shi ku fassara wa iyayenmu da Hausa da Fulatanci.

Sannan dan Allah in ana ƙirga itace a tambayi mata. Ɗorawar nan da ake ba wa farashi sau ɗaya a wuce, uwa tana cin kalwarta da daddawa shekara talatin, da ita ake sayen sabulu da littafin yara da kayan ɗakin 'ya mace. Ga makiyaya su ba su da takardar komai, burtali da mashaya kawai suka sani, in aka katange waje shanu gonar wani za su faɗa, mu kuma mun san abinda ke biyo bayan wannan, ga dajin namu dama ba lafiya gare shi ba da masu garkuwa. Yankari ma a ƙaramar hukumarmu take, giwayen da suka rage da ruwan Wikki, ban taɓa jin wani ɗan siyasa ya haɗa maganarta da ta mai a jumla ɗaya ba.

Badamagare ya rubuta:

Gaisuwa daga Damagaram 'yan'uwa. Mu nan Nijar mun riga ku shiga wannan jirgi, tun 2011 ake fiddo mai a Agadem cikin jihar Diffa, Sinawa suka ja bututu fiye da kilomita 400 zuwa matatar SORAZ a hanyar Tanut, ganga 20,000 take tacewa a rana, a 2024 kuma aka fara lodi ta babban bututun da ya tafi Benin kusan kilomita 2,000. Ba zan ce ba a amfana ba, yaranmu wasu sun samu aiki kuma gas na girki ya wadata fiye da da. Dokarmu ma ta ce kashi 15 cikin 100 ya koma yankin da ake haƙowa, a takarda kenan, amma ka tambayi mutanen N'Gurti da ke yankin rijiyoyin man sau nawa suka fito suna kukan kuɗin bai iso ba da maganar raƙumansu da rijiyoyinsu. Mu kanmu a birnin Damagaram ga matata a bayan gari amma da rani har yau ana bin 'yan garuwa. Shawarar Hajiya ta gwajin ruwa ku riƙe ta da hannu biyu, da mun san haka da mun yi tun farko. Kuma duk alkawarin da za a yi muku, makaranta ko famfo ko ɗaukar aiki, kar ku yarda da na baki a wajen taro, a rubuta a sa hannu a sa wa'adi.

Bagomben Akko ya rubuta:

Malamin Doka na gode, ban san labarin Ibaji ba sai yau, jikina ya yi sanyi. Ɗan Gwana in kun tashi kai ruwan gwaji ka min magana ta akwatin saƙo, muna da ƙungiyar matasa a nan zan kai musu maganar mu ɗebo na ƙauyukanmu a haɗa a kai tare, kuɗin mota ma ya ragu.

Ɗan Gwana ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Baba direba Allah ya baka lafiya. Na kira gida yanzun nan na karanta wa Baba amsoshin, da na zo wajen maganar gado sai yayi shiru yace gaskiya ba a raba ba, gwaggonnina biyu suna nan da ransu kuma bai ma gaya musu ba. Yace zai ce wa dillalin ya dakata. Ranar Juma'a in Allah ya kaimu zan tafi gida mu ga dagaci a zagaya iyaka in ɗauki hotunan itatuwan. Ɗan'uwa na Akko zan turo maka saƙo daren nan. Hajiya 'Yar Duguri dan Allah ruwan a wane irin mazubi ake ɗiba, robar ruwan sha da aka wanke ta isa ko sai kwalba, kuma kwana nawa zai iya yi kafin a kai shi?